Ranar CAPED ba ranar hutu ba ce, 'yan'uwana malamai

Assalamu alaikum malaman makaranta na jihar Tahoua, maza da mata, musamman ƙannena da ba su jima da fitowa daga makarantar horon malamai ta Kaocen ba. Maganata a kan CAPED ce, wato taron ƙara wa juna sani na malamai.

Da yawanmu ba mu manta da shekarar 2017 ba, lokacin da gwamnatin Nijar ta zaunar da dubban malaman kwantiragi ta yi musu jarrabawa. Da sakamako ya fito, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. Ƙungiyoyin malamai sun yi fushi, kuma suna da hujja, don an ɗauki mutane da yawa an tura su aji ba tare da horo na kirki ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: Faransanci da lissafi aka tambaya, abin da muke tsayawa gaban allo muna koyarwa kullum. Wanda ya rufe littafi ranar da ya karɓi takardar shaida, ilminsa zubewa yake yi a hankali bai sani ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci da yadda wasunmu suka mai da taron CAPED. A zo a makare, a sa hannu, a tambayi ko akwai kuɗin zama, in babu a sulale kafin azahar. Alhali don me aka kafa shi? Don malaman makarantun da ke kusa da juna su haɗu, ɗaya ya ba da darasi a gaban sauran, a gyara masa. Malama, in rabawa a lissafi ce ke ba 'yan ajinki wuya, ki kawo ta nan. Malam, in yaranka sun kai CE2, wato aji huɗu na firamare, ba sa iya haɗa baƙi da wasali, faɗi, ba abin kunya ba ne. Watakila tsohon malamin da ya yi shekaru a ajin zana a ƙauyukan Illela ko Bouza yana da dabarar da ba ta cikin kowane littafi. Mai tambaya ba ya ɓata.

Ga kuma batun harshe. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, mu nawa ne muka iya rubuta ta daidai? Jin Hausa daban, koyar da ita daban. Akwai malamin da zai cika allo bai bambanta "kafa" da "ƙafa" ba, yara kuwa abin da suka gani shi za su kwafa.

Na san albashi kan yi jinkiri, aji kuma cike yake maƙil. Duk da haka wayar da ke hannunka tana iya ɗaukar littafin jagoran malami, ba hirar WhatsApp kaɗai ba. Mai BAC, wato takardar shaidar gama sakandare, kuma ya je Jami'ar Djibo Hamani nan cikin garin Tahoua ya tambayi sharuɗɗan shiga tsangayar ilmin koyarwa. In mai ba da shawara kan koyarwa ya zo makarantarku, kada ka ɓoye littafin shirin darasinka. Miƙa masa, ka roƙe shi ya zauna bayan aji ya ga darasin da ya fi ba ka tsoro.