Me ya sa nake sauraren malaman Ireland idan suna maganar Amurka

Jama'a, duk mai son fahimtar tarihin bauta da wariyar launin fata a Amurka, shawarata ita ce kada ya tsaya kan abin da Amurkawa suka rubuta. Ya nemi na malaman Ireland ya haɗa. Wani zai ce ina ruwan ɗan tsibirin da mutanensa ba su fi miliyan 7 da ɗoriya ba da wannan magana? Da ruwansa ƙwarai. Yunwar da ta fara a 1845 ta kashe musu mutum kusan miliyan ɗaya, wasu miliyan ɗaya suka bar ƙasar, akasari zuwa Amurka. A yau Amurkawa sama da miliyan 30 ne ke cewa kakanninsu daga Ireland suka fito. Malamin Dublin ko Cork idan ya zauna nazarin Amurka, danginsa yake nazari, kuma shi kansa jikan waɗanda Ingila ta mulka ne. Tun 1970 suke da ƙungiyar masu nazarin Amurka.

Inda na fi ganin amfaninsu shi ne kan Frederick Douglass. An haife shi bawa a Maryland, ya gudu a 1838, ya wallafa tarihin rayuwarsa a Boston a 1845. Littafin ya bayyana sunan ubangidansa, don haka zama ya gagare shi, ya hau jirgin ruwa a watan Agusta, ya yi wajen wata huɗu yana zagaya biranen Ireland, wato Dublin, Cork, Limerick da Belfast. A watan Satumba ya saurari Daniel O'Connell, jagoran masu neman 'yancin Ireland, har aka ba shi dama ya yi jawabi a taron. Daga Belfast ya rubuta wa William Lloyd Garrison, jagoran masu yaƙi da bauta a Amurka, cewa ya shiga coci da masauki da karusa, ba wanda ya tare shi a ƙofa saboda fatarsa.

An daɗe ana ba da wannan tafiya a taƙaice, kamar hutu ne ya je. Masu bincike irin su Fionnghuala Sweeney da Lee Jenkins da Laurence Fenton ne suka zauna suka tona. Sun koma kan jaridun Cork na lokacin, sun ɗauko bugun littafin da mai buga littattafai Richard Webb ya yi a Dublin suka gwada da na Boston. A bugun Boston, fararen fata ne suka rubuta gabatarwa suna ba da shaidar cewa wannan baƙin mutum gaskiya yake faɗa. A bugun Dublin, Douglass ya ƙara tasa gabatarwar da hannunsa, har ya yi sa-in-sa da Webb kan abin da za a sa a ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. A nan ne mutum yake ganin marubuci yana karɓe ragamar littafinsa daga hannun masu taimakonsa, kuma wanda bai taɓa riƙe bugun Dublin ba ba zai lura da haka ba.

Amma abin da ya sa na yarda da su da zuciya ɗaya shi ne ba su rufa wa nasu asiri ba. A 1842 an kai wata takarda Boston mai sa hannun mutanen Ireland kusan 60,000, O'Connell na kan gaba, ana roƙon 'yan uwansu na Amurka su tsaya tare da bayi. Akasarinsu suka yi watsi da ita, Bishop John Hughes na New York ma ya yi shakkar ingancinta. Fada Theobald Mathew, wanda ya karɓi Douglass hannu biyu a Cork, da ya je Amurka a 1849 ya ƙi halartar taron masu yaƙi da bauta. John Mitchel kuwa, wanda Ingila ta kora daga ƙasarsa a 1848 saboda neman 'yanci, da ya isa Amurka sai ya zama mai kare bauta da alƙalaminsa, 'ya'yansa biyu suka mutu suna yi wa jihohin Kudu masu bauta yaƙi a yaƙin basasar Amurka. A watan Yulin 1863 aka yi tarzoma a New York kan tilasta shiga soja, yawancin masu tarzomar 'yan Ireland ne, suka farauci baƙaƙe a titi, suka ƙone gidan marayun baƙar fata. Mutanen da yunwa ta koro shekaru kaɗan kafin nan, su ne suka aikata wannan. Yana ci mini rai duk lokacin da na tuna.

Douglass ma malaman ba su mai da shi waliyyi ba. Sun nuna ya ga talaucin Dublin ya girgiza shi, amma sau da yawa giya ya ɗora wa laifin, kuma bai cika taɓa mulkin Ingila a jawabansa ba. Sun kuma nuna ya dage cewa talakan Ireland, duk wahalarsa, ba bawa ba ne, domin ba a sayar da shi ko 'ya'yansa a kasuwa.

Ina da ƙorafi ɗaya. Tun da aka fara Makon Douglass a Cork a 2021, aka kafa masa mutum-mutumi a Belfast a 2023, ina tsoron biki ya danne ɓangaren mai ɗaci, a riƙa tuna O'Connell a manta da Mitchel. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne yadda suka yi da ƙaryar nan da ta bazu a Facebook, wai an bautar da 'yan Ireland a Amurka fiye da baƙaƙe amma su ba sa kuka. Ƙarya ce mai faranta wa ɗan Ireland rai, kuma masu wariya suna amfani da ita don rufe bakin baƙaƙen Amurka. Liam Hogan, ma'aikacin laburare a Limerick, ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ya nuna asalinsu, ya bambance ƙwadagon yarjejeniya mai wa'adi da bautar da ake gada daga uwa zuwa ɗa. A 2016 masana da marubuta sama da 80 suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman kafafen da suka yaɗa labarin su janye shi.