Littafin soyayya ma dukiyar mai shi ne

Ban yarda da wani mai rubutu ba da ya ce littattafan soyayya hira ce kawai ta ɓata lokaci, don haka satarsu ba wani abin ɗaga hankali ba ne. Tun shekarun 1980 da aka fara buga su a Kano, su suka fito da zancen auren dole, da kishi, da sakin wulaƙanci, da cire yarinya daga lakwal a kai ta ɗakin miji. Mata suka rubuta mafi yawansu, mata suka karanta. Nan Maradi, ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa suke shigo mana, kuma na san gidajen da uwa ba ta iya buɗe baki kan auren ɗiyarta sai ta fake da labarin littafi. In babu saƙo a cikinsu, me ya sa aka ƙona wasu a Kano a 2007? Kai kuma ɗan'uwa mai cewa sai littafi mai ilimi ya cancanci kariya, doka ba haka take ba. Haƙƙin mallaka ba ya auna darajar labari. Jigon kishiya na kowa ne, amma jimloli da tsarin da marubuciya ta zuba nata ne. Yanzu ana kwafe littafinta a watsa a WhatsApp, wani ya karanta shi a YouTube ya ci kuɗi, ita ko dala ba ta gani. Muna da BNDA, hukumar kare haƙƙin mallaka ta Nijar, a Yamai, kuma Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai kare mallakar fasaha. To marubuciyar Maradi da aka sace wa aiki daga ƙetaren iyaka, ƙofar wa za ta buga?