An ƙona kaye uku, sai ku huta

To Alhaji, barka da aiki. Aljanu sun ƙone, unguwa ta tsira, Garwa za ta yi barci da minshari. Yanzu sai mu zuba ido yaro ya zama likita kafin babbar Sallah.

Wanda ya ga hoton tokar da na saka shekaranjiya ya san zancen. Kaye uku, wato littattafan rubutu, zanen shekara biyu, aka cusa su a murhu ƙarƙashin tukunyar tuwo, mai su ɗan shekara 15 yana tsaye yana kallo. Tun ranar ake ta kirana ana ba ni haƙuri, wai Alhaji baffansa ne, yana da iko da shi, wai gyara ne. Ni kawunsa ne, kuma na ce ba gyara ba ne. Raini ne.

Ku kira shi duk sunan da kuka ga dama, raini ne. An ga abu hannun yaro, ba a san kansa ba, ba a tambaya ba, aka yanke masa hukuncin wuta.

Wai yana ɓata lokaci da katun ɗin Japan. Madalla. Wa ke faɗa? Mutumin da ko wata ɗaya bai taɓa bari kuɗin Canal+ ya yanke ba saboda ƙwallo. Mutumin da zai zauna a majalisa daga isha'i har sha biyun dare, shayi na ɗaya, na biyu, na uku, ana musun Madrid da Barsa kamar gadon gidansu ake rabo. A cikin gida kuma fim ɗin Indiya na fassara yana ta yi, awa uku ana kuka saboda wata ta auri wanda ba ta so. Duk wannan hutu ne. Amma yaro ya riƙe fensir ya zana abu da hannunsa, shi ne ɓata lokaci. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wai karatu. Yaron nan ya ci jarrabawar sakandare ta BEPC bana, makarantar allo kuma bai fashi. Ku nemo wata hujjar.

Masu kawo maganar zanen abu mai rai, na ji, kuma ban raina ba. Fage ne na malamai, akwai magana a kai, ni ban kai can ba. Amma wane malami aka kai wa kayen ya duba? Wa ya zaunar da yaron ya ce masa ga abin da addini ya ce, ga inda za ka tsaya? Babu. Kuma hoton Alhaji da babbar riga yana nan rataye a falo cikin gilashi, ba wanda ya kai shi murhu. Kada a fake da guzuma a harbi karsana. Wasu kuma sun ce akwai batsa da zubar da jini a irin waɗannan finafinan. Akwai, ƙwarai kuwa, kamar yadda akwai a wayar kowane babba da ke karanta rubutun nan. Maganinsa a zauna a zaɓa wa yaro. Shi kayen da aka ƙona, ko buɗe shi ba a yi ba.

Da an buɗe, da an ga kogin Binuwai. Labarin ɗan masunci ne da ya yi abota da dorina, yana kare ta daga masu son kashe ta. Ya zana gadar nan tamu, ya zana kwale-kwale, ya zana mata suna wanki a bakin ruwa, har mai soya kifi ya sa a gefe tana korar ƙuda. Mutanen labarin suna magana yadda muke yi a kasuwa, Hausa a nan, Fulatanci a can, Faransanci idan jandarma ya shigo. Salon zanen ne kawai ya aro daga Japan, manyan idanu da gashi tsaye. Har shafukan daga dama zuwa hagu ya jera su, yadda ake karanta manga, wato littattafan labarin zane na Japan, ya ce mini ai shi bai ga baƙon abu ba, haka yake karanta allonsa tun yana ƙarami. Wata huɗu ya yi yana koyon zana hannun mutum kaɗai, don duk mai zane ya san yatsu su ne wahala. Da wayata yake kallon darasi a YouTube, ya tsayar, ya kwaikwaya, ya goge, ya sake. Wallahi ni da nake gyaran waya ban taɓa yi wa sana'ata irin wannan naci ba.

Wannan ne aka dafa tuwo da shi.

Kuma abin da kuke kira wasan yara, manya ne suke cin abinci da shi. Eiichiro Oda ya fara zana mangar One Piece a 1997, an buga fiye da kwafi miliyan 500. Da Akira Toriyama mai Dragon Ball ya rasu a watan Maris na 2024, har shugaban Faransa sai da ya yi ta'aziyya. Za ku ce can Japan ne, mu ina ruwanmu. To ku sauko kudancin ƙasarmu Kamaru. A Yawunde Olivier Madiba da abokansa suka kafa Kiro'o Games, suka fitar da wasan kwamfuta mai suna Aurion a 2016. A 2017 Claye Edou ya fitar da dogon fim na katun da aka yi a ƙasar nan. Ana bikin masu zanen labari, Mboa BD, a Duwala da Yawunde. 'Yan ƙasarmu ne, sefa ɗaya muke kashewa. Gobe idan an buɗe irin wannan aikin aka cika shi da 'yan kudu, ku ne za ku fara cewa an mayar da arewa saniyar ware. Ku tuna da murhu a ranar.

Ban ce yaron zai yi kuɗi da zane ba. Wataƙila ya bari da kansa nan da shekara biyu ya koma ɗinki. Ba shi ne zancen ba. Ko da zanen ba zai kawo masa dala ɗaya ba, nasa ne, guminsa ne, ba wanda ya cuta da shi. Da akuya ya yi shekara biyu yana kiwo, ba wanda zai yanka ta bai tambaye shi ba. Don takarda ce shi ya sa. Raini ne.

Abin da ya fi ci mini rai, bai yi kuka ba. Da ya yi kuka da na samu sauƙi. Jiya ya zo shago ya zauna shiru, can ya ce, "Kawu, kana da hoton shafin da dorina ta fito daga ruwa?" Na duba, shafi shida kawai suka rage a wayata, wannan ba ya ciki. Sauran ni na goge su da hannuna watan jiya don in samu wurin bidiyon bikin wani abokina, bikin da ko abinci ban samu ba.

Saboda haka duk wanda ya san gwanin dawo da hoton da aka goge, a nan ko a Marwa, ya yi mini magana. Na gwada manhaja uku, tallace-tallace kawai suka cika mini waya. Kuma kai da ka ari katin ajiyata tun azumi ka ce kwana biyu, na san kana karantawa. Akwai shafuka a ciki. Ka kawo shago kafin Juma'a, ba zan tambaye ka komai ba.