Kofur da Gaisuwar Surukai

Yaran garinmu, wani ɗan ƙauye da ke gefen Gumel, kiwonsu bai wuce tantabara da zomo ba, sai wanda kakarsa ta tausaya masa ta ba shi 'yar akuya. Ni nawa ɗan, da yake Allah bai ƙaddaro mini hutu ba, bushiya ya ɗauko.

Shekararsa takwas. Sunan surukina aka sa masa, don haka Abba muke ce masa, kuma duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san abin da hakan ke nufi: uwarsa ba ta iya ɗaga masa murya, ni kuma in na ɗauko bulala sai in ji kamar tsohon zan daka. A farkon damina ya tsinci bushiyar a gindin kuka muna shuka gero, ya naɗo ta a hularsa ya kawo gida, ya raɗa mata suna Kofur. Na tambaye shi dalili, ya ce ai ko barci take yi da makamanta take kwana.

Na ce a mayar da ita daji. Inna, mahaifiyata, ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Kai ka bar mini maigida ya yi kiwonsa. Kai da kana kamarsa ba ɗan mujiya ka kawo mana ba?" Shi ke nan, shari'a ta ƙare tun ba a zauna ba.

A bakin gaskiya yaron ya yi ɗawainiya. Da fari fura da nono ya dama mata, wai baƙuwa ce a karrama ta, aka wayi gari ta ɓata kwalin da ya sa ta a ciki da zawo, domin cikin bushiya ba ya karɓar madara. Daga nan ya gane ƙwari take so. Duk daren da aka yi ruwa shinge ya fito, sai ya ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashin fitila ya tara mata. In babu shinge ya bi gyare da fara, ko ya tone gara a gindin danga. Yaron da sai an yi da gaske yake tashi sallar asuba, sai ga shi yana riga ladan farkawa don ya duba ko Kofur ta koma masaukinta. Ba ta cika komawa ba. Bushiya da rana take barci, da dare take yawo, kuma babu kwalin taliyar da ya isa ya tsare ta.

Wata rana ta lashi sabulun wanka, sai ta hau fitar da kumfa a baki tana karkata kai tana shafa shi a ƙayarta. Ashe ɗabi'arsu ce in sun ji baƙon ƙamshi. Uwargida ba ta tsaya jin wannan bayani ba, ta ɗauki goyo ta yi maƙwabta tana salati, wai abin ya haukace. Sulhu bai samu ba sai daren da Kofur ta cinye kunama a ƙofar ɗakin girki, kowa yana kallo. Tun daga ranar uwargida ta koma cewa "bushiyarmu". Har wani mai maganin gargajiya ya zo ya taya fatarta, Abba ya kwana yana kuka don kawai an taya.

To, ranar wata Alhamis surukina ya kai rago kasuwar Maigatari, yamma ta yi masa, ya ce bari ya biyo ya kwana ya ga takwaransa. Ni ina majalisa ban sani ba, sai bayan isha'i aka aiko yaro. Na taho da sauri, na biya ta bayan gida na zura babbar riga, domin ba a zuwa gaban suruki da 'yar shara. An yi masa shimfiɗa a zaure, fitilar ƙwai tana ci ƙasa-ƙasa. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na sunkuyar da kai, na tattara riga na durƙusa a gefen tabarma.

A kan Kofur.

Ban danne ta gaba ɗaya ba, Allah ya kiyaye. Ta shiga tsakanin ƙwabrina da cinyata ne, rigar kuma ta lulluɓe mu mu biyu. Wanda bai san bushiya ba yana zaton in ta dunƙule shi ke nan ta yi lamo. Ina! In aka taɓa ta, zabura take yi sama tana huci, ta caka maka ƙayar da gangan. Nan take lissafi ya zo mini. In na saki nauyina na zauna sosai, na kashe Kofur, kuma ni da zaman lafiya a gidan nan sai dai a lahira. In na yi tsalle na kurma ihu, an gama da ni a dangin matata har jikoki. Sai na tsaya a tsakiya, ban zauna ba ban tashi ba, cinyoyina suna rawa.

"Baba, barka da zuwa. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ina gajiya?"

"Babu gajiya." Ta zabura.

"Yaya damina?"

"Alhamdu lillahi." Ta sake.

Surukina mutum ne da ba ya gaggawa a gaisuwa. Ya tambayi gero, ya tambayi dawa, ya tambayi ko wake ya fara yaɗo. Ya tambayi Inna, wadda ya gaisa da ita da bakinsa kafin in zo. Ya tambayi limaminmu da ciwon ƙafarsa. Sannan ya shiga labarin ragon, yadda wani Buzu ya taya, yadda dillali ya so ya yi masa wayo, da yadda kuɗin CFA ya hana kowa sakat a kasuwar. Kowace gaɓa sai na ce "ikon Allah", kowane "ikon Allah" kuma sai Kofur ta ba ni amsa daga ƙasa.

Hawaye suka fara zubo mini. Hucin da take yi a cikin riga kuma, fus, fus, fus, tsohon ya ɗauka shessheƙa ce. Ya yi shiru, ya ɗago fitila ya haska fuskata.

"Malam, kuka kake yi?"

Me zan ce? Na ce, "Baba, daɗin ganinka ne."

Wallahi sai jikin tsohon ya yi sanyi. Ya ce shekarunsa sun haura saba'in, ya aurar da 'ya'ya mata biyar, bai taɓa ganin surukin da ya riƙe shi a zuci haka ba. Ya ɗaga hannu ya ce mu shafa. Ni na zaci fatiha ce guda. Ashe tsohon ya yi zaman almajirci a gabas, addu'a yake da ita buhu-buhu. Ya roƙa mini arziki, ya roƙa mini Makka, ya bi iyayena da kakannina ɗaya bayan ɗaya. Ina cewa amin da ƙarfin da ban taɓa yi a masallaci ba, shi kuma yana jin ƙarfin amin ɗin yana ƙara ƙaimi.

Ana cikin haka sai ga Abba da cocila, yana leƙa bayan ƙyaure yana kiran "Kofur, Kofur". Kakan ya ce, "Abokina, zo nan, wa kake nema da daren nan?" Yaron ya haska ni. Ya dubi hawayena, ya dubi rigata da ke motsi da kanta. Ɗan albarka, ko uffan bai ce ba. Ya zo ya raɓa jikina kamar mai neman a ɗauke shi, ya zura hannu da hularsa ta ƙarƙashin riga, ya kwashe kayansa ya fice. Na zube a tabarma, tsohon ya dafa kaina ya ce in yi haƙuri haka nan, kowa da ranar rabuwa.

Ƙayar bushiya ba ta karyewa a jiki irin ta beguwa, sai dai ta bar maka huji. Uwargida ce ta gasa mini da ruwan zafi da gishiri, tana yi tana toshe baki da mayafi kada mahaifinta ya jiyo dariya daga zaure. Na yi kwanaki ina tafiya a tale, ina ce wa mutane maruru ne.

Matsalar da ta fi hujin ita ce tsohon ya koma gida ya baza labari. Yanzu duk taron suna ko ɗaurin aure sai ya nuna ni ya ce ga surukin da ke kuka in ya gan shi. Sauran surukansa huɗu sun daina amsa mini sallama da fara'a. Ɗayansu, mijin ƙaramar, an ce ya gwada shafa albasa, aka ji wari.

Ga babbar salla ta matso, kuma can za mu je gaisuwa, kowa zai zuba ido ya ga hawayen da ake faɗa. Jiya ina zaune ina wannan tunani Abba ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya rage murya.

"Baba, in kana so in taho da Kofur, naira ɗari biyar ne. Amma kada ka danne ta."