Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, muna zaune a majalisarmu ta Hausare a nan Garwa ta Kamaru ana jiran mai shayi ya sauke na biyu, sai ga wani dattijo da baƙar leda a hammata. Tsohon ɗan kasuwar goro ne, ba baƙo ba ne a unguwa. Ya zauna ya kwance ledar, ya fito da wata ledar a cikinta, daga ita ya zaro takardar da ta sha ninki har ta fara rabewa a tsakiya. Takardar fili ce da ya saya can wajen Jambutu shekara 12 da suka wuce, da sa hannun jauro, wato mai unguwa, da na shaidu biyu, da dangwalen yatsan wanda ya sayar masa. Yanzu wani ya bayyana da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta hukuma, a kan filin, ya kafa duwatsun iyaka, ya ce a kwashe bulon da dattijo ya tara.

A cikinmu akwai wani yaronmu da aka raɗa wa suna a gabana. Ya yi karatun shari'a a Dang, inda jami'ar Ngaundare take, ya yi shekara biyun koyon aiki a ofishin wani babban lauya a Duwala, ya dawo gida ana kiransa Metir, laƙabin lauya da Faransanci. Shi aka miƙa wa takardar. Ya dube ta kamar mai duban kuɗin jabu, ya zuba Faransanci jimla uku ko huɗu da ba wanda ya tsinci komai a ciki sai ni, ya mayar wa mai ita ya ce, "Baba, sai ka zo ofis ranar Litinin."

Wannan bai ɓata mini rai ba. Ƙara ce, kuma ƙara aiki ce, ba wanda ya ce lauya ya yi ta kyauta. Bayan dattijon ya tafi ne na ce masa, "Ɗana, me zai hana ka zauna ka rubuta shafi ɗaya da Hausa, ka faɗa wa mutane abin da za su duba kafin su sayi fili?" Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Haba Baba, in na rubuta musu a banza, wa zai zo ofis?" Tun ranar maganar nan take ci mini rai.

'Ya'yana masu baƙar riga, da ku nake. Na yi shekaru ina tafinta a kotu, ina tsaye tsakanin alƙali da talaka, ina juya Faransanci zuwa Hausa da Fulatanci. Abin da idona ya gani shi ne, yawancin waɗanda suka fita daga ɗakin nan suna kuka sun faɗi shari'arsu tun shekaru kafin su taka ƙofar kotu, a ranar da suka karɓi takardar da ba ta da ƙarfi suna murna. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Ku kuma kuna tsaye kan damin kuna cewa sai ta zo ofis.

Me ke cikin shafin nan da na roƙa? Dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 ce, wadda ta girmi iyayen wasunku. Ita da dokar 1976 da ta biyo bayanta, wadda aka gyara a 2005, sun ce shaidar mallakar fili a wurin hukuma ita ce titir fonsiye, kuma in ta fita da wuya a kwance ta sai an nuna maguɗi ko kuskuren hukuma. Filin da ke da titir kuwa, cinikinsa a gaban noter ake yi, wato jami'in da doka ta ɗora wa rubuta yarjejeniya da shaida ta, in ba haka ba cinikin ya tashi a banza. Wanda filinsa bai da titir, neman yana farawa ne daga ofishin su-firefe, wato wakilin gwamnati a gunduma, kwamiti ya fito ya duba wurin tare da mai unguwa da dattawansa, kuma hanyar wanda ya raya wuri kafin 5 ga Agusta 1974 daban take da ta wanda ya zo daga baya. Iyakarta ke nan. Layi goma ne, mai shayin nan ma zai haddace su. Da dattijon ya ji su shekara 12 da suka wuce, da bai ɗauki takardar jauro ya sa a ƙarƙashin katifa ya yi barci ba. Amma ba wanda ya rubuta, don kowa yana tsaron ofis.

Kuma kada ku zaci shirunku ya bar wurin a buɗe. Ɗan dattijon nan ya zo masa da shawara daga wayarsa, wai ya saurari lauyoyin Kano suna bayani da Hausa tiryan-tiryan, don haka a rubuta wa gwamna a nemi takardar mallaka. Lauyan Kano bai yi ƙarya ba, dokar ƙasarsu ta 1978 ce ta sa filaye a hannun gwamnan jiha. Mu namu gwamnan naɗa shi ake yi daga Yawunde, kuma ba a teburinsa titir yake fita ba. Haka mutanenmu suke kwasar dokar Najeriya suna shiga da ita kotun Garwa da ta Marwa. Sai ka ji mutum yana cewa zai kai ƙara kotun Musulunci kamar yana Zamfara, alhali abin da muke da shi a nan kotunan al'ada ne da aka tsara tun 1969. Ɗan kasuwa mai kai kaya Kusiri da Njamena bai san dokar cinikinsa ta OHADA ce ba, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993, wadda ta haɗa ƙasashe 17, har da mu da Cadi da Nijar, babu Najeriya a ciki, babbar kotunta kuma tana Abijan. Ko a cikin Kamaru ma, yankuna biyu masu Ingilishi tsarin da suka gada daga Ingila daban yake da na sauran takwas. Wa zai warware wa mai Hausa wannan in ba ɗan gari ba? Laifin wa, na Bakanon da ya zauna ya yi wa mutanensa bayani, ko naku da kuka naɗe hannu? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai ka zo ofis. Mace ta zo tana rawar jiki, an tsare ɗanta a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, kwana shida kan bashin da bai biya ba, sai ta zo ofis. Dokar shari'ar laifuka da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2007 ta ce tsarewar awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya, bayan nan sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati a rubuce, kuma ba a fara ta ranar Asabar ko Lahadi ko ranar hutu sai a babban laifi ko an kama mutum dumu-dumu. Wannan sirri ne? Na sha ganin magidanci da aka yanke wa hukunci ya tafi ƙauye neman kuɗin ɗaukaka ƙara, ya sayar da awaki, ya dawo bayan mako uku, a ce masa kwana 10 ne kuma sun wuce. Ni nake juya masa maganar, ni yake kallo kamar ni na ƙirga kwanakin. Ga ɗan haya da bai san tun 2016 bashin haya na wata biyu zai iya kai mutum gidan yari ba, daga wata 6 zuwa shekara 3, in yarjejeniyar tana da rajista kuma an yi masa gargaɗi ya ƙi biya ya ƙi tashi. Ga uwargida da aka ɗaura wa aure a masallaci shekara ashirin ba a taɓa zuwa ofishin magajin gari ba, sai ranar da mai gida ya rasu aka nemi takardar aure don fansho. Ga yaran da suke kaiwa aji shida su tsaya cak a bakin jarrabawar CEP ta kammala firamare don ba takardar haihuwa, sai an bi ta kotu. Har dokar taimakon shari'a ga marasa hali akwai, tun 2009, amma ku gaya mini talaka nawa ne a Lainde ko Yelwa suka taɓa jin labarinta daga bakinku.

Abin haushin, ba wai ba ku iya rubutu ba ne. Kullum kuna kan Facebook. Hoto da baƙar riga a matakalar kotu, hoto a bakin motar da ba taku ba, hoto da kwat da laƙataye a zafin Afrilu na Garwa, ana gumi ana murmushi. In ƙungiyar ƙwallonmu ta Coton Sport ta buga wasa, sai ku rubuta sharhi mai tsawon huɗuba. Akwai ma waɗanda in sun tashi rubutun sai su yi wanda ya fi shirun muni, su kwaso sirrin wanda ya ba su amana su baza, wai labari ne mai darasi, an sakaya suna amma duk unguwa ta gane matar wane ce. Wannan cin amana ne, dokar aikinku ma ta hana. Wasu kuma suna yaɗa jita-jitar siyasa, su da ya kamata su tuna wa mutane cewa dokar laifukan intanet ta 2010 ta tanadi ɗauri da tarar miliyoyin sefa ga mai yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba. Ban ma son in shiga zancen 'yan kamashon da ke tsaye a ƙofar kotu suna tare baƙauye tun kafin ya sauka daga kan babur. Ku kun san wa yake ba su na goro.

Ku saurare ni, don da ƙauna nake faɗa. Rubutun nan ku zai fara yi wa amfani. Duk wanda ya taɓa tafinta ya san ba ka gane ka fahimci magana sai an ce ka faɗe ta da harshen uwarka. A Faransanci kana iya ɓuya bayan manyan kalmomi, ka tsorata tsoho, ka wuce. Da Hausa ba maɓoya. Ranar da ka zauna za ka bayyana wa mai goro bambancin mallaka da riƙo, dole ka koma ka buɗe littafin da ka rufe tun Dang, ka duba ko an gyara sashen, don ka san wani abokin aikinka zai karanta ya kama ka. Wannan tsoron shi ne yake wasa lauya. Sannan an hana ku tallar kanku kamar masu maganin gargajiya a tasha, to da me mutane za su san wanda ya iya? Wanda ya karanta bayaninka ya gane, ranar da ruwa ya kai masa wuya ƙofarka zai ƙwanƙwasa, kuma zai zo da wuri, da takardun da za a iya tsayawa a kansu. Mai zuwa da leda bayan shekara 12, me za ka yi masa in ba karɓar kuɗinsa ba?

Na san abin da za ku ce, ba lokaci, ga haya, ga kuɗin ƙungiya, ga iyali. Wani zai ce Hausa ba ta da kalmomin. Ta ina za ta same su in masu sanin abin sun ƙi furta su? Yadda za ku yi, ku kuka sani, ku ne 'yan zamani. Ku rubuta ko ku faɗa da baki, ku haɗu ku biyu ko uku, wani ya ɗauki fili wani ya ɗauki aure da gado. Ni dai a yi. Malamai sun karantar da mu hadisin wanda aka tambaya ilimi ya ɓoye, da linzamin wutar da aka yi masa alkawari. Ko ya shafi ilimin boko ko bai shafa ba, na bar wa malamai, amma ni in na tuna shi ba na jin daɗin kalmar "sai ka zo ofis".

Da ba haka muke ba. Malaman da suka gabata a wannan ƙasa tamu ta Adamawa da Sakkwato sun iya Larabci fiye da yadda kuka iya Faransanci, amma suka zauna suka mayar da hukuncin tsarki da aure da gado waƙa da Fulatanci da Hausa, a rubuce da ajami, don mace a bakin turmi ta haddace. Ba wanda ya ce in na koya musu wa zai zo zaure. Ko a zamaninmu, akwai magatakardan kotu da na yi aiki da shi, Allah ya jiƙansa, wanda in an tashi aiki yake zama ƙarƙashin dalbejiya a bayan kotu, mutane su kewaye shi, ya yi ta karanta musu sammaci da hukunci yana fassarawa har magariba, ko ruwan shayi ba ya karɓa. Digiri bai da shi. Mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ma sai ya tsaya ya ce maka, "Malam, wannan takardar kada ka dangwala mata hannu sai ka nuna wa wane." Yanzu muna da jami'a a Ngaundare, da Marwa tun 2008, ga ta Garwa an buɗe a 2022, kowace shekara ana yaye masu karatun shari'a, amma unguwa ta fi da duhu. Kuɗin makarantar nan, da gyaɗa da auduga da ƙosan iyayenku mata aka biya shi.

Jiya Litinin na bi ta gaban ofishin yaron namu da hantsi. Dattijon yana zaune kan benci a baranda, ledarsa a kan cinya, ya ce tun ƙarfe takwas yake jira, an ce Metir yana kotu. Na zauna kusa da shi na faɗa masa abin da na sani game da titir, a hankali, da Hausa. Ya yi shiru, yana shafa ledar. Can ya ce yana da wani filin a hanyar Pitowa, shi ma takardar jauro ce, ya tambaye ni ko ofishin su-firefe yana buɗewa gobe.