Kari ya cika, amma ina fasahar?

Kalmar fasaha da muka aro daga Larabci asalinta tana nufin tsabtar harshe da iya bayyana magana, amma a yau mun ɗora mata kaya biyu, domin da ita muke yabon mawaƙi, da ita kuma muke zancen injuna da kwamfuta idan an ce kimiyya da fasaha. Ina ganin wannan gamin yana cikin abin da ya sa marubuta da dama suke ɗauka cewa duk wanda ya laƙanci dabarun rubutu ya riga ya zama fasihi.

A rubutacciyar waƙa bambancin ya fi fitowa fili. Malaman zamanin jihadi, irin su Nana Asma'u, sun gina waƙoƙinsu a kan ma'aunin aruli, wato ilimin auna karin waƙar Larabci, wanda Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara a ƙarni na 8 da karuruwa 15, daga baya aka ƙara na 16. Wannan ilimi ne da ake koyarwa a aji: a bambance gaɓa mai nauyi da sassauƙa, a san ƙwar biyu da ƙwar biyar, wato baiti mai layi biyu da mai layi biyar, a kiyaye amsa-amo, wato daidaituwar sautin ƙarshen layuka. Duk mai haƙuri zai iya shi, kamar yadda yaron maɗinki yake zama gaban ubangidansa har hannunsa ya faɗa da aska takwas.

A wani taron marubuta na saurari wani matashi ya rera baiti ashirin, kari bai karye masa ko sau ɗaya ba. Da na karɓi takardar sai na tarar ya cusa "dai" da "fa" da "kuwa" duk inda ma'auni ya nemi cikon gaɓa, tamkar mai toshe ɓular tulu da tsumma. An tafa masa sosai, amma da aka fito babu wanda ya iya maimaita ɗango guda, wato layi ɗaya na baiti.

A wurina fasaha ita ce zaɓin da marubuci yake yi a cikin matsin ƙa'ida, wato idan kari ya yarda da kalma uku, ya gano wadda za ta ɗauki ma'ana da sauti tare. Shi ya sa ban yarda da masu cewa abin baiwa ce kawai ba. Sukan kafa hujja da Aliyu Namangi na Zariya, makahon da ya wallafa Imfiraji, sai su manta cewa mutum ne da ya sha karatu har kunnensa ya horu da kari. Rubutun boko ma ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka mai ido shi ma da kunne yake auna waƙarsa.

Matashin nan ya tambaye ni gyara, na ce masa ya soke duk kalmomin ciko, ya sake neman abin da zai zauna a gurbinsu ba tare da kari ya karye ba. Bayan mako biyu ya aiko mini da baiti shida.