Agogon Madrid da Cinikin Aya

Sana'ata sayar da aya ce a kasuwar Dawanau, kuma mafi yawan kayan da nake tarawa daga yankin Maraɗi suke zuwa, inda ake nomanta sosai. Shekara da shekaru abokan cinikina ba su wuce masu kunun aya da 'yan sari masu lodi zuwa Kudu ba, har sai da wani dillali ya haɗa ni da wani kamfani na ƙasar Sifaniya, wanda ofishinsa yake Madrid, masana'antarsa kuma take kusa da Balensiya. Su ma mutanen can kunun aya suke yi, suna shansa da sanyinsa idan zafi ya shigo, kuma abin da gonakinsu suke bayarwa ba ya isarsu, shi ya sa suke cikowa daga Afirka ta Yamma. Da na ji haka sai hankalina ya kwanta, domin a ganina duk wanda ya san daɗin kunun aya ba zai yi wuyar sha'ani ba.

A watan Janairun 2025 matar da ke kula da sayayya a kamfanin ta aiko da saƙo cewa za ta kira ni ta bidiyo da ƙarfe goma na safe, agogon Madrid. Ɗan ƙanwata, wanda ya gama jami'a kuma yake taya ni rubuta wasiƙu, ya tafi biki Zariya, don haka na zauna na yi lissafin da kaina. Ban manta abin da malamin labarin ƙasa ya koya mana ba: duniya digiri 360 ce, tana juyawa cikin awa 24, saboda haka kowane digiri 15 awa guda ne, na gabas suna gaba, na yamma suna baya. Shi ya sa Makka ta riga mu da awa biyu, mu kuma muka riga Akara da awa ɗaya. Na buɗe taswira a waya, na ga Kano tana wajen digiri 8 da rabi a gabashin layin Girinwic, inda ake fara ƙirga digirin, Madrid kuwa tana kusan digiri 4 a yammacinsa, wato ta ma fi Akara nausawa yamma. Ashe ke nan gomansu sha ɗayanmu ce. Har yau ina nan a kan bakana cewa lissafin nan ba shi da aibi, kuma ko gaban wane malami za a kai shi, ba ni za a kayar ba.

Ranar ta zo motata tana wurin bakanike, na tsayar da adaidaita sahu cikin natsuwa, tun da ina da awa guda a hannu. Muna tsakiyar cunkoson Kurna a kan titin Katsina, gefena wani dattijo rungume da zakara, sai wayata ta ɗauki ƙara. Ina dannawa sai ga Madam a wani ɗaki mai haske, maza biyu sanye da kwat a hagu da damanta, kowanne da biro da takarda. Na gaishe su da Ingilishina na kasuwa, sannan na tuna musu cikin ladabi cewa alkawarinmu sai nan da awa guda. Ta ɗaga hannu ta nuna mini agogonta, goma daidai. Na dubi nawa, shi ma goma daidai. Dattijon nan, wanda tun farko ya cusa kansa cikin hoton yana kallo, ya ce, "Alhaji, ai bakinku ɗaya da Baturiyar nan, kai ne dai ba ka isa wurin aiki ba." Na ce, "Baba, don Allah a ɗan matsa." Bai matsa ba, sai ma ya ɗaga mata hannu yana tambayar lafiyar maigida da yara. A haka muka yi taronmu na farko, direba yana ta oda, ni ina toshe kunne ɗaya, kuma daidai lokacin da na faɗi farashin tan guda zakaran ya miƙe wuya ya yi cara, har ɗaya daga cikin masu kwat ɗin ya ajiye bironsa ya rufe fuska.

Abin mamaki, cinikin bai lalace ba. Sun nemi samfuri, na aika, suka yaba. Ni kuma na samu abin tinƙaho a majalisa, inda nake faɗa wa abokan sana'a cewa masu sayar wa Sin da Japan riɗi su ne suke tashi cikin dare amsa waya, amma ni da Madrid agogonmu ɗaya, ba ragi ba ƙari. Haka muka yi ta waya cikin Fabrairu da kuma duk watan azumi, goma tana zama goma, sha biyu tana zama sha biyu.

Ranar Lahadi 30 ga Maris aka yi ƙaramar Sallah. A daren nan, da ƙarfe biyu, lokacin da telolin Kano suke kan keke suna ƙarasa ɗinkin da suka yi alkawari tun farkon azumi, sai mutanen Madrid suka ɗauki ƙarfe biyunsu suka mayar da ita uku, ba tare da kowa ya aiko mini da sanarwa ba. An riga an sa ranar Alhamis 3 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe, don a yanke maganar kwantena, kuma an ce shugaban kamfanin da kansa zai halarta. Na shirya wa ranar shiri na musamman. Na sa babbar rigar Sallah, na kafa hula, na sa yara suka share ofis suka jera farantai uku na aya, manya da matsakaita da ƙanana. Da yake ba a kawo wuta da daddare ba, tun ƙarfe takwas da rabi na kai wayata wurin yaron da ke cajin waya a bakin layinmu, na ce ya cika mini ita fal kafin goma, ni kuma na zauna wurin mai shayi ina karyawa.

Goma saura minti goma na je karɓa. Yaron ya miƙo mini yana cewa, "Alhaji, wata Baturiya ta yi ta kira tun ƙarfe tara, da na ga abin ya ƙi ƙarewa sai na ɗauka." Na ce, "Ka ɗauka? Me ka ce mata?" Ya ce, "Na nuna mata kai ne daga nan, kana can kana cin burodi da ƙwai." A cikin wayar na tarar da saƙo mai ladabi ƙwarai, irin ladabin da ke sa gumi, cewa shugaban ya jira rabin awa, yana da wani taron, kuma suna fatan na ji daɗin karin kumallo.

Ina tsaye ina faɗa cewa ai alkawarin goma ne, sai yaron ya dube ni da tausayi ya ce, "Alhaji, ba ka kallon ƙwallo ne? Ai Turai sun canza lokaci. Wasan Zakarun Turai da muke shiga ƙarfe tara na dare, daga yanzu takwas ne." Ashe duk wani matashi da ke biyan kuɗin gidan kallo a Kano ya san wannan, har ma yana tsara sallar isha'insa da shi, ni kaɗai ne mai hulɗar kwantena da Madrid nake cikin duhu.

Da ɗan ƙanwata ya iso, ya zaunar da ni ya warware mini tarihin, yana ƙoƙarin haɗiye dariya. Ya ce, "Kawu, taswirarka ba ta yi ƙarya ba." A da Sifaniya lokacin Girinwic take bi, kamar Ingila, har watan Maris na 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, da gwamnatin Janar Faranko ta tura agogo gaba da awa ɗaya ya yi daidai da na tsakiyar Turai, kuma ba a dawo da shi mazauninsa na asali ba har yau. Wannan ita ce awar da ta kama ni a cikin adaidaita sahu. A kan wannan kuma, tun 1974, bayan rikicin tsadar man fetur, suke ƙara wata awar a lokacin zafi don a ci moriyar hasken yamma. Yanzu duk ƙasashen Tarayyar Turai suna tura agogo gaba ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, su dawo da shi ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Wannan kuma ita ce awar da ta same ni a teburin mai shayi. Ya ƙara da cewa su kansu sun gaji, domin a 2018 an nemi ra'ayin jama'a, mutum miliyan 4.6 suka amsa, kashi 84 cikin ɗari suka ce a daina, Majalisar Turai ta kaɗa ƙuri'ar amincewa a 2019, amma gwamnatocin ƙasashen ba su daidaita ba, maganar ta tsaya cak. Na ce masa wannan ɓangaren na ƙarshe ne kaɗai ya yi mini kama da abin da na saba.

Ni dai a wurina al'amarin bai dace da hankali ba. Mu nan inuwa ce take gaya mana azahar ta yi, kuma babu gwamnan da zai sa hannu a takarda ya ce daga gobe rana za ta yi tsaka da ƙarfe biyu. A Madrid kuwa haka abin yake, domin a lokacin zafi rana ba ta kaiwa tsakiyar sama sai agogo ya wuce biyu, ba ta faɗuwa a ƙarshen Yuni sai goma saura na dare. Cikinsu dai bai yarda da dokar ba, rana yake bi, shi ya sa suke cin abincin rana daga biyu zuwa uku ko fiye. Wannan ma sai da na ɗanɗana. Idan na idar da azahar na kira da ɗaya da rabi, su biyu da rabi ce, Madam tana kan tebur. Idan ta dawo ta natsu ta neme ni, la'asar ta gabato, ina alwala. Kafin in fito daga masallaci in gama gaisawa da jama'a, ta fara haɗa jakarta. Sai kuma wakilin jigilar kayansu da ke Lizbon ta ƙasar Fotugal, maƙwabcinsu na jiki da jiki, wanda kullum yana bayan Madrid da awa ɗaya: a Janairu yana bayana, a Afrilu ya zo daidai da ni, wanda nake daidai da shi kuma ya wuce ya bar ni.

Daga nan na ɗauki mataki. Ɗan ƙanwata ya sa mini agogo biyu a fuskar waya, na sayi na bango na rataye a ofis na rubuta Madrid a ƙasansa da alli, kuma kowane saƙo na aika sai na rubuta lokaci biyu, namu da nasu. Da ƙyar aka sake samun ranar da shugaban zai zauna, Litinin 28 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana agogon Madrid, sha biyu agogon Kano. Na sayi fetur na cika janareto, na loda data a layi biyu, na hana kowa taɓa wayar, yaron caji kuwa ko gaisuwarsa ban amsa ba da safen nan. Tun sha ɗaya da rabi nake zaune gaban farantai cikin babbar riga.

Sha biyu ta yi, shiru. Na kira, ba ta shiga. Na aika saƙo, alama ɗaya ce ta fito, ta biyun ta ƙi zuwa. Sha biyu da rabi na fara zargin ko sun sake taɓa agogon cikin dare, na tura a tambayo mini yaron caji ko an canza lokacin ƙwallo, ya aiko cewa yana nan yadda yake. Ɗaya ta wuce, fetur yana ƙonewa, gumi ya jiƙa wuyan rigar. Can sai ɗan ƙanwata ya ɗago daga wayarsa ya ce, "Kawu, an ɗauke wuta a Madrid." Na ce su tayar da inji mana. Ya ce, "Kawu, ba unguwarsu kaɗai ba, kusan duk Sifaniya da Fotugal ne." Da ƙarfe 12:33 agogonsu, wato saura minti 27 a fara taronmu, wutar ƙasashen biyu ta yanke kusan gaba ɗaya, jiragen ƙasa suka tsaya, fitilun kan titi suka mutu, sabis na waya ya ɗauke. Na dubi ƙwan lantarkin da ke ci a saman kaina, na dubi fankar da ke juyawa, kuma Allah ya yafe mini, wani sanyi ya ratsa zuciyata.

Washegari Madam ta kira da kanta tana ba da haƙuri. Ta ba ni labari cikin al'ajabi yadda ta taka da ƙafa daga ofis zuwa gida, yadda mutane suka yi layi suna sayen kyandir da rediyo mai batir, yadda katin banki ya zama banza sai mai tsabar kuɗi. Na saurare ta da natsuwar wanda ya daɗe a fagen, na jajanta mata, sannan na ba ta shawarar ta ajiye fitila mai caji da ɗan ƙaramin inji, ta riƙa barin 'yan canji a aljihu, kuma kada ta yawaita buɗe firji idan abin ya sake faruwa. Ta rubuta duka. Na nemi a sa taron cikin makon, ta ce Alhamis 1 ga Mayu hutun ma'aikata ne, Juma'a 2 ga Mayu kuma hutun yankin Madrid ne, sai dai Litinin.

Litinin 5 ga Mayu, sha biyu a can, sha ɗaya a nan, fuskar shugaban ta bayyana a wayata, ni a kujerata, shi a tasa. Ya yaba girman ayar da bushewarta, sannan ya ce farashin ya yi tsada. Na kawo masa kuɗin mota daga Maraɗi, da na tsinta da tankaɗe, da na buhu, da na kai kaya tashar jirgin ruwa a Legas, shi kuma ya yi ta ambaton wani mai kaya a Mali da ya fi ni sauƙi. Muna cikin ja-in-ja, saura ƙiris mu haɗu a tsakiya, sai ya dubi hannunsa ya ce ƙarfe biyu ta yi, lokacin abinci ne, mu ƙarasa gobe da goma. Na ce, "Ranka ya daɗe, goman wa, tawa ko taku?" Ya yi dariya ya ce tasu. Na rubuta tara a littafina, na ja layi biyu a ƙasanta, na kuma aika wa mai shayi cewa gobe da bakwai zan zo.